Yadda Ndakotsu Ya Raba Sukari da Gishiri

A unguwar Shango ta Minna, idan baƙo ya tambayi gidan Ndakotsu sai a tsaya ana tunani. Amma da ya ce Malam Sinadari, har 'yan acaɓa za su nuna masa da baki. Mutumin Bida ne, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya yi shekara goma sha tara yana wanke kwalabe da goge tebura a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare. Darasin kimiyya na 'yan aji huɗu ya ji shi sau goma sha tara, sai dai kullum malami na kaiwa tsakiya ake aikensa ɗebo ruwa, don haka iliminsa duk rabin farko ne. Ranar da ya yi ritaya ya taho gida da farar rigar aikinsa mai aljihu uku, kuma tun daga ranar kunnen unguwa bai sake hutawa ba.

"Duk abin da yake da nauyi, ya kuma ci wuri, kashi biyu ne," haka yake faɗi a ƙofar masallaci, da teburin mai shayi, har a wurin gaisuwar rasuwa. "Ko dai tsantsa ne, abu guda zalla, ko kuma gauraye ne. Shayin nan gauraye ne. Iskar da kuke shaƙa gauraye ce. Kuma duk gauraye ana iya raba shi, in an samu mai kai."

Wata rana mai shayi ya tambaye shi, to shi wanne ne a cikin biyun. Ya gyara wuyan riga ya ce shi tsantsar ilimi ne. Da labarin ya isa wurin matarsa Rukayat, cewa ta yi shekara talatin tana zaune da shi, ita dai tsantsar surutu ta gani.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Irimiya kafinta da matarsa Esta. Zama ne na amana: ana miƙa tuwon salla ta kan katangar nan, ana miƙo shinkafar Kirsimeti. To a makon da abin ya faru, za a ɗaura auren Joy, 'yar Irimiya ta fari, ranar Asabar a coci, kuma dangin ango za su iso daga Zungeru tun ranar Juma'a.

Ranar Alhamis da hantsi Esta ta taso daga kasuwa a keke napep da rabin buhun sukari na zoɓo da kunun aya, da wani ƙaramin buhu na gishiri. Daidai bakin layinsu keken ya faɗa rami ya yi tsalle, buhunan biyu suka zubo ƙasa suka fashe, ɗaya a kan ɗaya. Mata suka taru suka taya ta kwashewa cikin babban baho, fari da fari da jan yashi, duk a haɗe. Esta ta zauna a tsakar gida ta tasa bahon a gaba, ta yi tagumi. Kuɗin biki sun ƙare ƙarƙaf, ga shi mutum ɗari uku za su sha zoɓo jibi.

Tana cikin haka sai ga farar riga ta shigo da sallama.

"Maman Joy, kukan me kike yi?"

"Malam, don Allah yau kada ka yi mini wasa. Ka ga dai abin da ya same ni."

Ndakotsu ya durƙusa, ya ɗebi abin a tafin hannu, ya ɗaga wa rana, ya yi dariyar manya. "Wannan ne asara? Ai gauraye ne kawai. Sukarin yana nan da halinsa, gishirin yana nan da halinsa, babu wanda ya zama wani. Zama ɗaya suka yi, ba aure suka yi ba. Ki ba ni zuwa gobe da azahar, zan miƙo miki sukarinki fari sol, gishiri a gefe, yashi kuma mu mayar wa gwamnati abinta a rami."

Rukayat, wadda ta biyo shi da sauri don ta san hali, ta ce, "Baban Kafayatu, biki ne fa na mutane."

"Shi ya sa ba zan karɓi ko sisi ba."

"Ba kuɗin nake ji ba."

Esta ta dubi bahon, ta dubi farar rigar. Ba ta da wata dabara. Ta ce, "To Malam, ga shi nan. Allah ya taimake ka."

"Ya riga ya taimake ni tun shekara goma sha tara," in ji Ndakotsu, yana naɗe hannun riga.

Ya ce matakin farko shi ne fitar da ƙarfe, kuma wannan aikin maganaɗisu ne. Babu mai maganaɗisu a layin, amma akwai babbar lasifikar Irimiya da aka goge aka ajiye a zaure don kiɗan ranar biki. Irimiya yana coci wajen jera benci. Kafin Esta ta buɗe baki, Ndakotsu ya kwance bayan lasifikar da sukurdireba ya ɓamɓaro baƙin ƙarfen da ke cikinta. Ya tura shi cikin bahon ya juya, ya ɗago. Sai ga ƙusa biyu da murfin kwalba da wani tsatsan fil sun maƙale.

Matan da ke leƙe suka ce, "Kai!" Wata har da tafi.

Wannan tafin shi ya lalata komai. Ndakotsu ya zagaya tsakar gida da ƙusoshin a sama kamar wanda ya ciro su daga cikin mara lafiya. Yana cikin zagayen Irimiya ya shigo, ya ga cikin lasifikarsa a waje.

"Maƙwabci, me ya sami rediyona?"

"Ara na yi. Yanzu zan mayar, har ma ta fi da ƙara."

Ya mayar, ya ɗaure da waya, aka kunna. Muryar mai waƙar ta fito kamar akuya mai mura tana kuka a cikin tulu. Irimiya ya kashe, ya zauna a kan benci, ya ce shi dai yana kallo.

Mataki na biyu rariya ce. Ndakotsu ya tankaɗe mudu guda yana bayanin cewa babba zai tsaya, ƙarami ya wuce. Sukari ya wuce, gishiri ya wuce, yashi ya bi bayansu.

"Ga su nan sun fito tare kamar 'yan ɗaki ɗaya," in ji Rukayat.

"Ba ki ga abin da ya tsaya ba ne." Ya ɗaga rariyar. A ciki akwai ƙwallon dabino ɗaya da wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi guda huɗu. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa. "Wannan wani sinadari ne da ban gane ba tukuna."

"Kashin akuya ne, Malam," in ji Esta a hankali.

Ya yar da sauri ya goge hannu a farar rigar. "To ai kin ga an raba shi."

Bayan la'asar sai dabara ta zo masa, irin wadda ya ce ko a littafi babu. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Irimiya, ya baza mudu uku na garin a kai, ya tara jama'a.

"Ku gaya mini, wa ya taɓa ganin kiyashi a cikin gishiri?"

Aka ce babu.

"A cikin sukari fa?"

Aka ce kullum.

"To ga ma'aikata Allah ya ba mu kyauta. Za su tsince sukari ƙwaya-ƙwaya su bar gishiri da yashi."

Irimiya ya karkata kai. "In sun tsince, ina za su kai?"

"Gidansu mana."

"To mu kuma a ina za mu sha zoɓon, a gidan nasu?"

"Za mu tare su a hanya. Kai dai kafinta ne, bar wa masu abu abinsu."

Ya ɗauki shebur ya zaga bayan gida inda ya ga wani ɗan shuri na ƙwari a gindin mangwaro, ya kwaso shi da ƙasarsa, ya kawo ya zube a gefen tabarma. Ya tsaya a kansu, ƙafa a buɗe, hannu a ƙugu, yana cewa, "Bismillah, a fara aiki." Ashe ba kiyashi ba ne, cinnaku ne. Ko kallon sukarin ba su yi ba. Suka bi ta ƙafar wandonsa suka hau.

Da farko ya daure, yana ɗan ɗaga ƙafa ɗaya yana ci gaba da bayani. Can sai bayanin ya tsinke. Ya daka tsalle, ya mari cinya, ya mari baya, ya yi jifa da hula, ya juya sau biyu a wuri ɗaya. Farar rigar ta tashi sama ta sauka a kan igiyar shanya.

"Malam, rawar sai jibi!" in ji wata daga bakin ƙofa.

"Ku bar shi ya gwada," in ji Irimiya, "tunda ya kashe mana kiɗan, ai gara mu ga rawar."

Ndakotsu ya fita a guje ya faɗa gidansa, ana jin ƙarar bokiti a banɗaki. Kafin ya dawo, kiyashin gaskiya sun ji labari sun zo da kansu, ba tare da gayyata ba. Suka yi layi baƙi ƙirin daga tabarma, suka ratsa tsakar gida, suka shiga bahon, wasu kuma suka zarce ɗakin Esta inda aka ajiye bokitin cincin na baƙi. Esta da Joy suka yi ta kaɗe cincin a faranti har magariba.

Rukayat ta leƙa bahon, ta dubi mijinta da ya dawo yana tafiya a tattale. "Da safe abu uku ne a ciki, sukari da gishiri da yashi. Yanzu ga kiyashi, ga cinnaka. Baban Kafayatu, rabawa kake yi ko tarawa?"

"Duk babban aiki sai ya rikice kafin ya daidaita," ya ce yana sosa ƙeya. "Gobe za ki ga ikon ruwa."

Washegari Juma'a tun da sanyin safiya ya sa rigarsa, ya juye bahon gaba ɗaya cikin wani tsabtataccen durom, ya cika shi da ruwa, ya yi ta juyawa da muciya. Sukari ya narke, gishiri ya narke, yashi ya ƙi. Saura tacewa. Matacin kokon Esta ya yi ƙanƙanta, kuma yana da huda. Ya ɗaga kai ya hango wani lallausan farin mayafi a kan igiyar gidansa, sabo fil, iska na kaɗa shi. Ya miƙa hannu ta kan katanga ya janyo.

A gaskiya wannan karon abin ya yi. Yashi ya tsaya a kan mayafin, kiyashi da cinnaku suka tsaya, ruwa ya sauka garau a wani durom na biyu. Ndakotsu ya yi ta kiran mutane su zo su gani. Ana cikin gani Rukayat ta dawo daga niƙa da roba a ka. Ta tsaya. Ta sauke robar a hankali.

"Wancan mene ne a bakin durom?"

"Mataci."

"Matacin yana da zanen fure a gefe?"

"Kimiyya ba ruwanta da fure."

"Mayafin ankona ne! Ko sau ɗaya ban yafa ba! Da shi zan shiga coci gobe a bayan uwar amarya!"

"Ai wankewa za a yi. Datti da mayafi gauraye ne, kuma duk gauraye—"

"Ka ƙarasa," in ji Rukayat, tana ɗaukar muciya. "Don Allah ka ƙarasa in ji."

Bai ƙarasa ba. Esta ce ta shiga tsakani, ta karɓe muciyar, ta ce za ta ba ta aron nata. Sannan ta juyo ta dubi durom. "Malam, ruwa na gani. Ina sukarin?"

"Yana ciki, ya ɓuya ne. Wuta za ta fito da shi. Ruwa zai tashi ya bi iska, gishiri ya fara fitowa, sukari ya biyo baya, kowa da layinsa."

Ya sa aka ɗora babbar tukunyar da za a yi dafa-dukar biki a kan murhu, ya juye rabin ruwan a ciki, ya cusa itace har ba wurin sa wani, ya tsayar da muciya a tsakiya. Ya ce kada kowa ya taɓa, don hannun da bai sani ba yana ɓata gwaji. Ya canza riga ya tafi masallacin Juma'a. Esta da Joy suna wurin mai gyaran gashi, Rukayat tana gida tana fama da mayafi da sabulu, Irimiya kuma ya ce tunda an ce kada a taɓa, shi ba zai taɓa ba.

Daga bakin titi Ndakotsu ya hango hayaƙi yana dawowa. Ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji ƙamshin nasara?" Da ya matso sai ƙamshin ya koma ƙauri. A cikin tukunyar babu fari ko ɗigo. Wani baƙin abu ne mai sheƙi kamar kwaltar titi, ya daskare, muciya na tsaye a tsakiyarsa ƙyam.

"Ina layin gishiri?" in ji Irimiya. "Ina na sukari?"

"Suna ƙasa. Wannan murfi ne kawai." Ya kama muciya ya ja. Ba ta motsa ba. Ya taka bakin murhu ya ja. Irimiya ya kama masa, aka kira 'yan acaɓa biyu daga bakin layi suka kama. Aka ce ɗaya, biyu, uku. Muciya ta taso, tukunya ta taso tare da ita, su huɗu suka yi baya suka zube a kan tulin itace, tukunyar ta gangara ta daki ƙofar kaji.

Ɗaya daga 'yan acaɓan ya ɓalli ɗan gefen abin ya sa a baki, ya tofar. "Oga, wannan ko rami aka cike da shi zai riƙe tirela."

Esta ta dawo da sabon kitso ta tarar da tukunyar bikinta a kife. Ba ta yi faɗa ba, abin ya wuce faɗa. Ta ce, "Malam, baƙi suna hanya. Ka bar sauran haka, na gode."

"Maman Joy, yanzu ne ma aka zo wurin. Dubi durom ɗin nan, tun safe yake ajiye ba a taɓa shi ba. Gishiri ya fi sukari nauyi, kowa ya sani. Yanzu haka ya kwanta a ƙasa kamar yadda ƙullu yake kwanciya. Na saman nan tsantsar ruwan sukari ne. A kwashe a hankali a zuba a zoɓo, shi ke nan."

Maganar ta ɗan yi kama da hankali. Esta ta ɗauko cokali za ta ɗanɗana, ya tare hannunta.

"A'a! Dokar farko ta ɗakin gwaji: ba a ɗanɗana komai. Shekara goma sha tara ban taɓa lasar ko yatsa ba, shi ya sa kike ganina da rai."

"To ta yaya za a san ya yi?"

"Lissafi ya riga ya nuna."

Za ta yi gardama ke nan sai aka ji hon a ƙofar gida. Motar Zungeru ce, ta iso tun kafin lokacin da aka zata. Esta ta dubi zanin jikinta duk toka, ta ruga ɗaki tana cewa, "Kada a ba kowa komai sai na fito!"

Ndakotsu ya ji, amma ya ga rana ta yi zafi, ga baƙi goma sha biyu sun sauko suna fifita da hannu. Ya mayar da farar riga. Ya kwashi ruwan saman durom da moɗa, a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya zuba cikin zoɓon da aka jiƙa tun safe, ya jefa ƙanƙara, ya jera kofuna a tire. Launin kam ba a magana, ja wur.

An zaunar da baƙi a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, maƙwabta sun taru ana gaisawa. Babbansu shi ne Baba Tsado, kawun ango, dattijo mai farin gashi da sandar hannu, wanda ba ya ɗaga murya. A gefensa akwai Faith, ƙanwar ango, wata siririya mai tabarau.

"Sannunku da hanya," in ji Ndakotsu, yana raba kofuna. "Kafin ku sha, ku san abin da kuke riƙe da shi. Sukarin da ke cikin zoɓon nan jiya a cikin yashi yake, shi da gishiri. Ni na raba su, da hannun nan. Abin da za ku sha tsantsa ne. Ko a Abuja ba kowa ke samun irinsa ba."

Irimiya ya rufe fuska da hula. Baƙi kuma ƙishirwa ta dame su, suka kafa kai gaba ɗaya.

Wata goggo ta juya baya ta fesar a gindin rumfa. Direban motar ya yi tari har da riƙe ƙirji. Baba Tsado kuwa, saboda kunyar surukai, ya riƙe nasa a baki, kumatu a cike, ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga inda zai zubar ba. Ya rufe ido ya haɗiye. Hawaye ya gangaro masa.

"Ɗana," ya ce da muryar da ta shaƙe, "wannan al'adar Minna ce ta tarbar surukai? In gwajin haƙuri ne, a gaya wa iyayen yarinya mun ci."

Daidai nan Esta ta fito da sabon zani, ta ga kofuna a hannun mutane, ta dafa ƙirji. "Wayyo Malam, ka kashe ni!"

"Ba laifin aikina ba ne," in ji Ndakotsu da sauri. "Motarku ce da ta tsaya ta girgiza ƙasa, gishirin ya taso sama."

Faith ta ajiye kofinta, ta ɗan rusuna. "Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Yashi ne yake kwanciya, don bai narke ba. Amma abin da ya narke a ruwa ya riga ya bazu ko'ina, na sama da na ƙasa duk ɗanɗanonsu ɗaya. Ko shekara aka bar durom ɗin nan, gishirin ba zai sauka ba. Tacewar da ka yi daidai ce. Sai dai sukari da gishiri duka ruwa yana narkar da su, don haka ruwa ba zai raba su ba."

Ndakotsu ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, a ina kika ji wannan?"

"Shi nake koyarwa, Baba. 'Yan aji huɗu, zangon farko."

"To ai ni ma abin da nake shirin faɗi ke nan kika riga ni."

Irimiya ya tashi, ya ɗebo cikakken kofi, ya miƙo masa da hannu biyu. "Maƙwabci, tunda tsantsa ne, mai aiki ai ya kamata ya sha."

"Doka ta hana. A ɗakin gwaji—"

"Nan ba ɗakin gwaji ba ne," in ji Rukayat daga bayansa. "Ƙofar gidan mutane ce. Sha."

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya kai kofin baki ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, kunnuwansa har motsi suka yi. Ya haɗiye da ƙyar, ya tsaya yana numfashi. Amma bakin bai mutu ba.

"Jama'a, ku tsaya ku ji. Ruwa, da gishiri, da sukari. Me ake ba mai gudawa a asibiti? To shi na haɗa muku. Biki za a yi, za a ci wannan a ci wancan. Rigakafi na yi muku."

Baba Tsado ya share ido da bakin riga. "Allah ya saka. Amma mu amarya muka zo ɗauka, ba gado muka zo nema a asibiti ba."

Dariya ta ɓarke a rumfar, har goggon da ta fesar tana riƙe ciki. Baba Tsado da kansa ya fi kowa, yana buga sanda a ƙasa. Da Esta ta ga surukai na dariya ba fushi ba, sai ta sauke ajiyar zuciya, ita ma ta fashe, hawaye na zuba.

Rukayat ba ta tsaya dariya ba. Ta ɗauki babbar roba ta bi layin gida-gida. Wannan ta kawo kofi ɗaya na sukari, waccan gwangwani biyu, mai shayi ya juye rabin nasa, matar Alfa, limamin layin, ta aiko da mudu guda da aron tukunya. Kafin rana ta faɗi an jiƙa sabon zoɓo, kuma Esta ta ɗanɗana shi sau uku a gaban kowa.

Ndakotsu ya so ya sulale gida, Rukayat ta riƙo aljihun farar rigar. Ta zaunar da shi a kan tabarma a tsakiyar mata, ta dire masa buhun shinkafar gida da faifai.

"Tunda rabawa kake so, ga shinkafa ga tsakuwa. Ba ruwa, ba wuta, ba ƙwaro. Da yatsa."

Ya buɗe baki zai yi magana, Faith ta ce, "Wannan ma hanya ce ta raba gauraye, Baba. Tana cikin littafi."

"Ai na sani," ya ce, fuskarsa ta washe. "Ita ce ma na fi ƙwarewa a kai."

Ya yi ta tsintar tsakuwa ranar har duhu ya fara, ya dawo da asuba ya ƙarasa. Duk tsakuwar da ya cire sai ya jefa a gwangwanin madara, har ya kusa cika.

Ranar Asabar aka ɗaura aure lafiya, aka dawo aka zauna cin abinci. Ndakotsu ya sha babbar riga, amma gwangwanin na hannunsa. Yana bi tebur-tebur yana karkaɗa shi a kunnen baƙi.

"Kun ji? Duk daga cikin shinkafar da kuke ci na fitar da su. Ku ci da ƙarfi, ku tauna ido rufe. Ko ɗaya ban bari ba."

Ya iso teburin manya daidai lokacin da Baba Tsado ya kai loma baki. Sai aka ji ƙaras! Har na tebur na biyu sun juyo. Dattijon ya tsaya cak, hannu a kumatu. Ya sa yatsa biyu a baki a hankali, ya ciro wata farar tsakuwa, ya goge ta da hankici, ya duba ta da kyau. Sannan ya yafito Ndakotsu, ya miƙa hannu ya jefa ta cikin gwangwanin, ta yi ƙwal.

"Riƙe da kyau, Malam," ya ce. "Wannan ta ɓace maka ne a hanya, na kawo maka ita."